Rufin Magazar Tasawa

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa, amma bai ɗauke ranar da magazar hatsi, babban ɗakin ajiyar gwamnati, ta kama wuta a Tasawa ba. Lokacin soja ke mulki, fari ya cinye gonaki, dawar agaji kaɗai ta rage wa mutane. Aka turo mu daga Maradi, 'yan kwana-kwana kaɗan da motar ruwa ɗaya, mu zauna kusa da magazar har a gama rabo. Shugabanmu Ajidan Mamman ne, mutum mai ƙarancin magana. Ni kofur ne. Tsakaninmu akwai Sarjan Idi, ɗan garin Urafane, wanda ko tuwo zai ci sai ya tsokani wani.

Ku yaran yanzu da kuka shigo aikin kwana-kwana, ku fahimci wani abu. Mu a ɗakin azara muka tashi, a kansa muka koyi aiki. Azarar giginya in wuta ta kama ta, tana daɗewa. Ƙasa za ta fara zubo maka a ka, ka ji ƙara, ka ga ta lanƙwasa, sannan ka fita. Magazar nan kuwa sabon gini ce. Siraran katako aka haɗa da ƙusa, kowane yana riƙe da ɗan'uwansa, aka ɗora kwano a sama, aka rufe ƙasansu da filafon, wato silin. Babu wanda ya taɓa faɗa mana cewa in guda ya ci wuta, sauran duka sun tafi.

Da hantsi hayaƙi ya fara fita ta bakin kwanon. Muka ja tiyo, amma ruwan motar bai kai ko'ina ba, rijiyoyin gari kuwa sai laka. Ajidan ya ce a bar wutar, a ceci buhuna. Muka shiga muna fitowa da su. Ciki babu harshen wuta ko ɗaya, sai zafi da ke sauko mana daga sama. Waje kuma mata ne tsaye da kwanukan awo, ba mai kuka, kallo kawai suke yi.

Can Ajidan ya ga fentin filafon yana kumbura. Ya busa usur, ya ce kowa ya fito.

Idi ya sauke buhunsa ya ce, "Ajidan, buhunan Urafane na can ƙurya, gobe za a ɗauke su. Tsohuwata na cikin masu jira."

"Na ce a'a, Idi."

"Rufin ko ƙasa bai zubo ba. In ya yi magana ni fito, wallahi."

Ajidan bai tare shi ba. Shi ma ɗan ɗakin azara ne. Idi ya shiga ya fito da buhu, ya dube ni ina tsaye waje, yana haki ya ce, "Kofur, kai dai ƙafarka ta mai jiran gado ce." Ya koma.

Rufin bai yi magana ba. Gaba ɗaya ya sauko, kwano da katako da wuta, kamar an kife faifai a kan tukunya. Sai bayan la'asar muka iya kai ga gawar Idi.

Ni aka sa na raka gawar zuwa Urafane, a mota ɗaya da buhunan da suka tsira. Bayan jana'iza aka yi rabo. Da aka auna wa tsohuwarsa nata, ta ɗebi dawar ta shinshina. Ta ce, "Ɗana, wagga hayaƙi take yi." Na ce mata ita ce Idi ya fito da ita. Ta ƙulle a gefen zanenta, ta ce Allah ya jiƙansa, ta tafi dafa wa jikokinta.

Tun ranar na san jarumtarmu ba ta da laifi, sanin da muka gada ne bai dace da kowane gini ba. Shi ya sa nake takura muku. Kafin ku sa ƙafa a gidan da ke ci, ku tambayi abin da ke riƙe da rufinsa. In an ce katako ne ƙarƙashin kwano, kada ku tsaya jiran ya yi muku magana. Idi ya jira.