Ranar da Miriam Ta Kore Ni Daga Ɗakin Surukina

Miriam dariyarta ce ke riga ta shiga wuri. Kafin ka ga farin takalminta ka riga ka jiyo ta tun daga bakin lif, tana tsokanar mai shara ko tana tambayar mai gadi ya ƙafar nan tasa. Gajeriya ce mai jiki, 'yar Kagoro ta kudancin Kaduna, nas ce da ta shekara tara a Doha. Mijinta Job yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wajen Asian Town. Ran Juma'a, da yake ita ce ranar hutu a can, tana cikin mawaƙan cocinsu, an ce har mai ganga sai ya roƙe ta ta rage gudu. Aikinta kuwa ba na dariya ba ne. Akwai gidajen jinya da ake kai mutum idan likita ya ce magani ya ƙare, sai dai a rage masa wahala har wa'adinsa ya cika. Miriam ake turawa ta duba ko da gaske ana rage wahalar, ko kuwa a takarda kawai ake ragewa.

Ni na san ta ne ranar da ta kore ni daga ɗakin surukina. Har gobe ina gode mata, amma a ranar da na san ofishin da ake kai ƙararta da na kai.

Sunana Badaruddeen, mutumin Zariya ne ni, ina aikin lantarki, muna zaune a Al Wukair, kusa da Doha, da matata Fausiya. Mahaifinta Alhaji Bawah, tsohon ɗan goro a Zangon Kumasi, ya zo mana suna da ta haihu. Kwana uku bayan an yanka rago ya faɗi a banɗaki. Aka yi hoto, aka ɗibi jini, likita ya ja ni gefe ya ce ciwon daji ne, ya riga ya ci ƙashi, kuma tsohon ba zai iya zaman jirgi zuwa gida ba. Abu ɗaya ya rage a hannunmu, kada ya sha azaba a 'yan kwanakin da suka saura masa.

Nan fa na ɗaura ɗamara. Na ce surukina ba zai kwanta ko'ina ba sai inda ni da kaina na tantance. Na sayi sabon littafi da biro, na zaga wurare uku kamar wanda gwamnati ta aiko. Na sunsuni labule. Na leƙa ƙarƙashin gado. Na danna ƙararrawar kiran nas ina kallon agogo, a wuri guda har sau huɗu, sai da aka tambaye ni ko lafiya. Na duba lasisi a bango, na duba alamar alƙibla a rufi, na sa hannu a bakin na'urar sanyi tunda wannan fannina ne. Wanda ya ci jarrabawata shi ne wani da ke hanyar Al Wakrah, inda nas ta iso cikin daƙiƙa arba'in. Na ɗauki hutu a wurin aiki na tare a ɗakin tun safe har magariba, don Baba ba ya jin Turanci, Larabcinsa kuma na salla ne.

Kullum safe da yamma wata nas 'yar Indiya takan shigo da wani kati mai fuskoki, daga mai murmushi har mai kuka, daga sifiri zuwa goma. Sai ta tambaya da Turanci, ni kuma in durƙusa in juya.

"Baba, wai ya ciwon? Cikin goma nawa kake ji?"

Baba zai gyara hula, ya miƙe wuya, ya kalli bango, ya amsa da Hausar da ba ta raba mace da namiji.

"Alhamdulillahi. Ba komi. Ka gaishe shi da aiki."

Ni kuwa sai in waiwaya da fara'a in ce mata sifiri. Sau biyu ta tsaya tana kallonsa, ta ce in sake tambaya, wai kamar goshinsa na gumi. Na ce mata Sista, mutumin nan dattijo ne, ba ya ƙarya, gumi kuwa Doha muke. Ta rubuta sifiri ta fita.

Kwana goma sha biyu muka jera sifiri. Wayyo, ku zo ku ga Badaruddeen! Na buga waya Kumasi, na buga Zariya, na ce wa kowa na samo wurin da ciwo ke tsoron shiga. Na sayo wa duk ma'aikatan hawa na biyu karak, shayin nan nasu mai madara da kayan ƙamshi. Takardar jin ra'ayin iyali da suke ajiyewa a bakin ƙofa, sau uku na cika ta, kowane layi tauraro biyar, har na ƙara na shida da birona. Wata rana a wurin ajiye motoci na tsinci kaina ina taka rawa ni kaɗai da makulli a hannu, wani Balarabe ya sauke gilashi yana kallona, na ɗaga masa hannu.

Ran na goma sha uku, da hantsi, muka jiyo dariya daga bakin lif.

"Salamu alaikum, masu ɗaki! Sannunku da jinya. Malam, kai ne mai tauraro shida?"

Jin Hausa a bakinta ya sa na miƙe tsaye don murna. Na ce ni ne, na jawo littafina zan nuna mata binciken da na yi. Ba ta ko kalle shi ba. Ta gaida Baba har ƙasa, ta nemi izini, ta ɗaga mayafi ta duba diddigensa. Ta kalli leɓensa. Ta buɗe kwanon abincin safe ta rufe. Sannan ta zagaya ta ɓangaren bango, inda ni ban taɓa zuwa ba, ta ɗago gefen zanen gadon. A murɗe yake tamau kamar igiyar guga, ya yi baƙi-baƙi da gumin hannu. Ta mayar da shi, ta ɗauki takardar da ke ƙafar gado.

"Sifiri, sifiri, sifiri. Malam, ni da nake yawo da ƙafata, yau gwiwata tana kan uku. Mutum da ciwo a ƙashi, kwana goma sha biyu? Wa yake fassara?"

"Ni ne," na ce, har da dafa ƙirji.

"Kai ɗansa ne?"

"Surukinsa ne. Ni nake auren 'yarsa."

Ta ɗora hannu biyu a ka. Dariya ta kama ta har sai da ta nemi kujerata ta zauna.

"To 'yar tasa fa?"

"Tana jego. Da yamma take zuwa, ita ma takan tambaye shi."

"Ta nawa ce a wurinsa?"

"'Yar fari ce."

"Wayyo Allahna! Suruki da 'yar fari! Kun haɗu kun rufe wa bawan Allah ƙofa da taga." Ta share hawayen dariya ta nuna min hanya. "Yalla, Malam, waje. Khalas, aikinka ya ƙare. Je ka sha karak."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da na zaɓi wurin, ni da na san inda kowane makunni yake, wata ta zo yau ta ce in fita? Na fita, amma ban je ko'ina ba. Na maƙale a jikin ƙofar da ba ta rufu sosai ba, na kasa kunne.

Sai na ji muryarta ta canja, ta koma ta yarinya mai neman rigima.

"Ashe nan ka zo ka ɓoye min, maigida? Na zaga Doha kaf ina neman angona, kai kana kwance cikin sanyi ana kawo maka shayi!"

Na ce a raina yau za a yi abin kunya. Alhaji Bawah mutum ne da ko ni sai na cire takalmi nake tsayawa gabansa. Can sai na ji muryarsa, da irin Hausarsu ta Zango.

"Wanene wannan yarinyan mara kunya?"

"Amaryarka mana. Har ka manta?"

"Allah shi kiyaye! Wannan gajere? Ko huhun goro ya fi ki tsawo."

"Ka samu ma an yarda da kai. Buɗe bakin in ƙirga haƙoran, in sun kai biyar in yi maka tuwo, in ba su kai ba sai koko."

Baba ya yi dariya. Shekara shida ina auren 'yarsa ban taɓa jin dariyarsa ba, ban ma san yana da ita ba. Wata irin dariya ce mai kauri, ta taso daga ciki, tana cikin tashi kuma sai ta karye ta zama nishi. Miriam ta bar shi ya gama nishin. Da ta sake magana wasan yana nan a bakinta, amma ta sassauta murya.

"To ka gani. Ango ba ya ɓoye wa amarya. A ina ne?"

"Bayana. Da ƙugu. Kamar an zuba garwashi."

"Tun yaushe?"

"Tun Kumasi."

"Cikin goma fa?"

"Ki ɗauki goman, ki ƙara wani a kai."

Na zame na zauna a ƙasa. Kunya ta rufe ni, da haushin kaina, da tausayin tsohon nan da ya kwana goma sha biyu yana gyara hula saboda ni. Littafina na hannuna, ban san lokacin da na tura shi ƙarƙashin benci ba.

Ta fito da sauri ta wuce ni, ta dawo da likita da nas ɗin nan 'yar Indiya, wadda ta kalle ni sau ɗaya ta kau da kai, ni ma na kalli takalmina. Sai da aka yi wa Baba allura aka ɗaura masa ruwa sannan Miriam ta zo ta zauna kusa da ni a benci, ta cire takalmi ɗaya tana murza ƙafa.

"Kada ka kashe kanka, Malam. Kai ma ka san abin nan, tsoro ne ya mantar da kai. Kai za ka gaya wa surukinka ƙugunka na ciwo?"

Na ce ko da wuƙa a wuyana.

Nan ta ba ni labarinta. Kakarta ce ta raine ta a Kagoro. Tsohuwar ta yi shekara guda da ƙari a ciki, tana zuwa gona, tana zuwa coci, 'ya'yanta da surukanta kowa ya tambaya sai ta ce lafiya lau. Miriam kaɗai take gaya wa, tana 'yar shekara goma sha ɗaya, suna cikin faɗansu na kaka da jika a kan wa ya cinye gyaɗar wa. Ita kuma ta ɗauka duk cikin wasan ne, ba ta gaya wa kowa ba sai da tsohuwar ta kasa tashi. Ta ce tun daga nan ta san tsofaffinmu ba sa rasa wanda za su gaya wa, abin dai a samo shi a sa shi a ɗakin. Daga makarantar nas a Jos har asibitin da ta yi aiki a Kafanchan, duk tsohon da aka kwantar sai ta aure shi, tsohuwa kuma ta zama abokiyar faɗanta. Ta ce a lissafinta mazanta sun haura ɗari biyu, Job ya gaji ya daina tambaya.

A rahotonta ta rubuta cewa wurin yana da tsabta, ma'aikatan suna da hannu mai kyau, amma ta rage musu maki a kan abu guda: sun bar ɗan'uwa yana fassara maganar ciwo, kuma sun yarda da baki alhali goshi da zanen gado suna faɗin wani abu dabam. Ba su yi gardama ba. Aka samo wani nas mai suna Manasseh, mutumin Pankshin mai jin Hausa, daga wani hawa, shi ke zuwa tambayar Baba safe da yamma. Ni kuma da an ɗauko katin nan mai fuskoki sai in ɗauki takalmina da kaina.

Kwanakin da suka biyo baya, wallahi kamar ana biki. Baba ya yi barcin da sai da muka riƙa leƙa numfashinsa. Ya farka ya ce yunwa yake ji. Fausiya ta dama koko ta soya ƙosai, ya ci uku, ya ce na Kumasi ya fi, ta fita waje tana kuka tana dariya. Miriam ta gama aikinta a wurin tun ranar farko, amma duk bayan kwana biyu sai mun jiyo ta daga lif, ta zo ganin ango. Shi kuma tun azahar yake sa a goge masa hula. Ita ta matsa wa likita har aka yarda muka tura shi a keke zuwa bakin ruwan Al Wakrah da la'asar, inda masunta ke ɗaure jiragensu. Ya kalli kifin da ake saukewa ya taɓe baki, ya ce a Ghana wannan kyanwa ake ba. Miriam ta ce to ya sauka ya kamo mata babba in ya isa. Ya ce ta riƙe masa hula. Na yi dariya a gaban surukina har da buga ƙafa, na manta ko ni wane ne.

Kwana goma sha tara ya ƙara. Ya cika ran Alhamis da hantsi, cikin barci, hannunsa a buɗe a kan mayafi.

Ran Laraba, ana gobe zai cika, bayan azahar mu biyu ne kawai a ɗakin. Manasseh ya zo ya tafi, Fausiya ba ta iso ba tukuna. Ina zaune a gefe ina jan carbi sai na ji ya ce, "Badaru."

Bai taɓa kiran sunana ba. Na ce, "Na'am, Baba."

Ya daɗe yana kallon rufi.

"Kafaɗan nan yana damuna. Zo ka juya ni."

Na tashi na matsa kusa da shi. Na sa hannu ƙarƙashinsa, ba shi da nauyi ko kaɗan. Na juya shi a hankali yadda na ga ana yi, na gyara matashi a bayansa, na tambaye shi ko ya yi. Ya ce a'a, da saura, in ƙara ɗaga shi kaɗan. Na ƙara.