Ranar da Gwaggo Ta Tafi Tashlihi

Ina cikin shekarata ta biyu a Riyad na san Gwaggo. Gwaggo mota ce, tsohuwar gingimari mai dogon hanci, wadda aka jingine a bayan istirahar iyalin da nake yi wa tuƙi. Istiraha irin lambun nan ne da masu hali ke katangewa a bayan gari, da 'yan ɗakuna da bishiyoyin dabino, su je su sha iska a ƙarshen mako. Mai gadin wurin wani dattijo ne Bahaushe, mutumin wajen Gusau, kowa Baba yake ce masa har da Larabawan gidan. Shi ya raɗa wa motar wannan suna, wai don ta tsufa, ga mita, kuma ba wanda ya isa ya yar da ita.

Ranar da na fara kai iyalin can, ƙafafunsa kawai na gani sun leƙo daga ƙarƙashinta, da silifa ƙafa ɗaya. Na gaishe shi da Larabci don in nuna ni ma na waye, ya amsa min da Hausa daga ƙasan mota, ya ce in miƙo masa sifana mai lamba sha huɗu in ba girman kai ne ya kawo ni ba. Daga muryata ya gane ni ɗan gida ne. Tun ranar na zama nasa.

Ba aikinsa ba ne gyaran mota. Aikinsa gadi da ba dabino ruwa. Amma Baba mutum ne da ba ya iya ganin ƙarfe a kwance ya wuce. Kafin zuwana ya riga ya tashi wata 'yar tarakta ta lambu da ya tarar yashi ya binne ta rabi, ya kwance ta ƙusa-ƙusa, ya wanke, ya mayar, ya shafa mata koren fenti. A kanta yake zagaya dabinai da safe, yana zaune ƙiƙam, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa don ƙanƙantarta. Yaran gidan in sun zo har faɗa suke yi a kan wanda zai hau. Shi kuwa bai ɗauke ta a bakin komai ba, ya ce wannan wasa hannu ne kawai, aikin gaske yana wajen Gwaggo.

Motar ta mahaifin kafilinmu ce, wato maigidan da ya ɗauke mu aiki, ita ya fara jigila da ita kafin arziki ya zo, kuma ta fi shekara talatin ba ta motsa ba. Baba ya roƙi izini a bar shi ya riƙa taɓa ta, aka yi dariya aka ce ya je ya yi. Sai da muka saba sosai ya gaya min dalilinsa. Mahaifinsa direba ne, irin wannan motar sak yake ja, yana ɗauko gyaɗa da auduga daga ƙauyuka zuwa Funtua, shi kuma Baba ya yi masa karen mota tun bai iya ɗaure wando da kyau ba. Ya ce fuskar tsohon ta fara ɓace masa, ko hotonsa ba shi da shi, amma ƙarar injin nan tana cikin kunnensa. Buri ɗaya ya rage masa kafin ya koma gida: ya ji Gwaggo ta tashi, ta tsaya da ƙafarta tana kuka yadda ta mahaifinsa ke yi, ya zagaya katangar istiraha da ita ko sau ɗaya ne.

Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ba ni da aiki sai magariba. Sai in baro ɗakina na unguwar Suwaidi in ɗauko shi, mu nufi kudancin gari, inda ake tara matattun motoci ana farke su ana sayar da kayansu. Wurin nan sunansa tashlihi. Fili ne iya ganinka, motoci a kan motoci, ƙofofi a jere, injuna a zube cikin rana. Baba zai shiga yana ɗingishi, da wani tsohon ƙarfe a naɗe cikin tsumma, yana gwada shi da duk abin da ya gani. Wata rana mu samo fulogi, wata rana tiyon lagireto, sau da yawa mu dawo hannu rabbana sai ƙishirwa. Ni mai saurin gajiya ne da saurin fushi, nakan ce masa wannan wahala ce ta banza, motar ma ba tasa ba, ba kuma za a bar shi ya saka ta a jaka ya kai Gusau ba. Sai ya ce min in yi tuƙina, direbobin zamani ba abin da muka iya sai murɗa makulli da kunna sanyi.

To a nan kuskurena ya samo asali. Ni da Baba Hausa muke yi, in za mu ce gyara, gyara muke cewa. Larabcina kuwa na titi ne, na tsinta a bakin masu shago da 'yan tasi, ban taɓa ganinsa a rubuce ba. Kullum ina jin Baba na cewa mu je tashlihi mu samo kayan gyara, sai na ɗauka tashlihi shi ne gyara da Larabci. Na sha jin Larabawa suna cewa taslihi, na zaci kalma ɗaya ce, bakin wani ne ya bambanta da na wani, kamar yadda Basakkwace da Bakano ke faɗin abu ɗaya kowa da irin tasa. Ashe taslihi shi ne gyara, tashlihi kuma farkewa a sayar da gunduwa-gunduwa. Ban taɓa tambaya ba, don a ganina na riga na iya Larabci, har sababbin zuwa nake yi wa tafinta a unguwar Batha.

Sau ɗaya na ji muryar Gwaggo. Wata Juma'a ce da la'asar, lokacin sanyi, bayan mun samo kafireta da ta kusa dacewa. Baba ya ɗiga mata fetur da murfin gora, ya ce in murɗa. Ta yi tari, ta yi tari, sai ta kama. Duk jikinta ya ɗauki rawa, tsatsa na zubowa daga bodi, baƙin hayaƙi ya tashi har tattabarun kan katanga suka watse. A cikin ƙarar akwai wani ɗan ƙwas-ƙwas da ke dawowa a kai a kai, Baba ya ɗaga yatsa ya ce in saurara, wannan shi ne tarin Gwaggo, ta mahaifinsa ma haka take yi. Ba ta kai minti ɗaya ba ta mutu. Ya daɗe tsaye da hannunsa a kan murfin inji, ni kuma na yi kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin kujera don kada in ga fuskarsa. Daga baya ya ce famfon mai ne ya rage, in muka same shi an gama.

Ba mu kai ga samunsa ba. Bayan 'yan makonni aka tsinci Baba a faɗe a gindin dabino, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Aka kwantar da shi a asibiti, aka kuma fara maganar yi masa takardun komawa gida gaba ɗaya.

A cikin kwanakin ne nake tuƙa babban ɗan kafilinmu zuwa ofis. Mutumin kirki ne, ba ni da abin da zan ce a kansa. Yana ta waya da masu gini, don suna son yin wani zaure daidai inda Gwaggo take. Sai ya rufe wayar da hannu, ya tambaye ni da Larabci me Baba yake nufi da motar nan, taslihi ko tashlihi. Ni kuwa a kunnena abu ɗaya ya faɗa sau biyu. Daɗi ma na ji, na ga dama ta samu da zan yabi aikin tsohon. Na ce masa tashlihi, ai shekara huɗu ke nan Baba ba abin da yake yi sai tashlihi, duk Juma'a muna can. Ya dube ni ta madubi, ya tambaya ko na tabbata. Na bugi ƙirji na ce na tabbata. Ya ce shi ke nan, ya ci gaba da wayarsa.

Juma'ar da ta biyo baya na je istiraha don in rufe Gwaggo da tamfol saboda ƙura. Na tarar da wurin fayau. Sai sawun tayoyi huɗu da suka lotsa ƙasa, da baƙin tabon mai, da duwatsun da Baba ke tokare ta da su. Sabon mai gadin ya ce min tun ranar Talata babbar mota ta zo ta ɗauke ta. Na tambaye shi wane gareji aka kai ta, ya ce wane irin gareji, ai tashlihi aka kai ta, ya yi alamar yanka da hannu a wuyansa. Na yar da tamfol ɗin na koma mota.

Na tuƙa zuwa can ban san yadda na isa ba. Na bi layi-layi har na gan ta. Sun cire ƙofofin, sun cire gilashin gaba da Baba ya yi wata uku yana nema, injin kuma an riga an sayar wa wani da ya zo daga wani gari. Kujerar da ya ɗinke da hannunsa tana yashe a ƙasa, wani ya ɗora butar shayi a kai. Na yi ta masifa da Larabcin nan nawa da ya jawo komai, masu wurin suna kallona, ba su da laifi.

Da na je wa ɗan kafilin da maganar, na bayyana masa abin da na zaci kalmar take nufi, sai ya dafe kai. Ya ce shi da ma tunaninsa in gyara Baba ke so, zai kai ta wajen kanikawa su ƙarasa, a ɗauko tsohon daga asibiti ya gan ta tana tafiya kafin ya tafi, don motar kakansa ce shi ma. Ya yi waya, ya yi waya, ba a gano wanda ya sayi injin ba. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Na ci gaba da zuwa asibiti ina kai wa Baba kunun gyaɗa daga wajen wata mata a Batha. Duk zuwa da niyyar faɗa masa nake shiga, duk fitowa ban faɗa ba. Ranar da za a kai shi filin jirgi, ya laluba ƙarƙashin filo da hannun hagu ya ciro makullin Gwaggo, a ɗaure da igiyar fata, ya danƙa min. Maganarsa ta yi nauyi, sai na sunkuya.

"Famfon mai kawai," ya ce. "In ta tashi, ka ɗauko min kukanta a waya. Ka ji, ɗana?"

Na ce, "To, Baba."

Bayan ya isa gida, wata biyar ina yi wa 'yarsa ƙarya, don ita ke riƙe masa waya. Yau in ce famfon bai dace ba, gobe in ce aiki ya yi yawa. Ta ce kullum sai ya tambaya. Da na ji jikin nasa ya ƙara tsanani, sai na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Akwai masu sha'awar tsofaffin motoci da ke haɗuwa a wani fili a gefen gari suna baje kolinsu. Na je na sami mai irin Gwaggo, fes da ita, tana ƙyalli, na roƙe shi ya tayar min. Na ɗauki ƙarar na kusan minti biyu, na tura, na rubuta cewa Gwaggo na gaishe da Baba.

Kwana biyu shiru. A rana ta uku ina jiran yara a ƙofar makaranta saƙon murya ya shigo. 'Yar ce, tana magana a hankali, ina jin kukan akuya a bayanta. Ta ce ta kara masa wayar a kunne, ya sa ta maimaita har sau uku.

"Ya ce in gaya maka wannan ba Gwaggo ba ce, wannan ba ta tari. Ya ce ko ma mene ne ya faru, kada ka wahalar da kanka, ya gode da Juma'o'in nan."

Na saurari saƙon nata ni ma sau uku. Yaran suka fito suka shiga mota suna hayaniya, ƙaramin ya tambaye ni me ya shiga idona, na ce masa sanyin mota ne.

Na ɗauki saƙon murya na faɗi gaskiya tun daga farko, na goge. Na sake ɗauka, na sake gogewa, ina cewa sai na sami ranar da zan kira in faɗa da bakina. Kafin ranar ta zo aka aiko min ya rasu, da hantsi, wata Laraba. Ya tafi yana sane na yi masa ƙarya, bai kuma san ni ne na aika da ita ba.

'Yar taraktar tana nan tana aiki, sabon mai gadin ke hawa. In na kai iyalin istiraha nakan ajiye mota can nesa da sabon zauren, in zauna a ciki har su gama.