Ƙafar Keken Yaya Tanimu

Da ɗaukewar damunar bana, shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai wana Tanimu makwancinsa a Gazara. An yi ta ba ni haƙuri, wai zuciya za ta huce. Tawa dai tana nan yadda take.

Yaya ƙato ne, in ya hau keke sai ka tausaya wa sirdin. Sana'arsa dakon mazarƙwaila daga wurin masu matsar rake zuwa kasuwanni, buhu biyu a kariya, ɗaya a gaba. Mai irin wannan nauyi ba ya wasa da ƙafar baya. Tasa a Zariya ya sa aka ɗaura masa ita, ƙarfe mai kauri, wayoyi masu gwaɓi. Kafin ya ɗora kaya sai ya tsuguna ya bi wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, yana kaɗa su da farce yana saurare. Wadda ya ji ta saki, ya ɗaure ta. Yakan ce mini, "Isa, duba ƙafa tukuna, ƙararrawa ba ta kai kowa gida."

Sau ɗaya tak ya bar wannan ɗabi'a. Surukinsa, uban matarsa, mai gyaran keke ne a Makarfi. Yaya ya kai masa faci, ya jingine buhunansa a rumfar, ya shiga kasuwa. Da ya dawo ya durƙusa ya gaida shi, tsohon ya ce, "An gama, ɗora kayanka rana na yi." To, a ƙasarmu wa ya isa ya tsuguna ya binciki aikin surukinsa a gaban idonsa? Ko kai bai ɗaga ba. Ya ɗaure kaya, ya yi godiya, ya hau.

A gangaren rafin hanyar Gubuchi ƙafar ta lanƙwashe kamar faifan da aka taka. Buhunan suka danne masa ƙirji a kan dutse. Kwana uku yana aman jini, ya cika.

Ni na je na kwaso keken. Wayoyin sirara ne kamar tsinken tsintsiya, tsatsa ta cinye su, an shafe da man keke don kada a gane. Bayan wata huɗu, a wurin awon auduga a Kudan, na ga ƙafar Yaya ƙarƙashin wani akawu mai tumbi. Na gane ta da tsagu uku da ya yi mata da hannunsa. Akawun har yaba mini ita ya yi, ya faɗi rumfar da ya saye ta, ta surukin Yaya.

Na kai magana gaban dattawa. Suka ce ƙaddara ce, kuma marayun da Yaya ya bari jikokin mutumin ne, kada in ja kakansu gaban alƙali. Ban je wa alƙali ba. Amma duk ranar kasuwa nakan tsaya kusa da rumfar, wanda ya turo keke in ba shi labari tiryan-tiryan. Cikin shekara biyu rumfar ta zama wurin kwanan awaki. Ban yi nadama ba, daɗi ma na ji.

Yanzu kekuna sun cika hanya. Samari suna zaɓen mai ƙyalli, su ɗora masa buhun gyaɗa, ƙafa tana layi. Da Yaya na nan da ya tare su ya yi musu faɗa. Abin da ya bari ke nan: 'yan dakon Gazara har yau ba mai hawa sai ya saurari wayoyinsa, ko a rumfar wa aka yi gyaran. Da ransa ya saya musu wannan.

Makon jiya tsohon ya aiko. Ciwo ya kwantar da shi, wai in yafe masa kafin ta Allah ta kasance. Na ba ɗan aiken ruwa ya sha, sannan na ce, "Ka gaya masa ba ni ya ɗora a kan ƙafar nan ba. Wanda ya ɗora yana can inda za shi. In ya isa, ya roƙe shi da bakinsa."