Sai An Naɗe Ƙafa a Sama

Daminar farko da muka yi a Ƙanƙara ban san gidan da ya kai namu rashin natsuwa ba. Mun baro ƙauyenmu da ke bakin daji tsakanin Faskari da Sabuwa bayan 'yan bindiga sun matsa mana, muka sauka a gidan Goggo, yayar Baba. Gidan ba laifi, akwai rijiya, akwai inuwa, amma Baba bai taɓa zama a tabarma har ta yi ɗumi ba. Ya shiga, ya fita, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dawo ya kwance buhun irin dawar da ya taho da shi, ya zuba a tafin hannu ya duba, ya mayar ya ɗaure. Da hadari ya fara haɗowa kuwa sai ya koma kamar kazar da za ta yi ƙwai. Kowa ya san abin da yake so, a kai shi gona ya yi shuka. Mashin ɗaya ne kuma a gidan, wanda nake kabu-kabu da shi.

Ni ne ɗan fari. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya duban fuskarsa, ba ya aikensa baki da baki. Tun tasowata, ko ina tsaye a gefensa, wani zai duba ya ce, "A gaya wa yaron ga shi ɗaure jaki." Inna ma ta fi shi kunya. Saboda haka in Baba yana son in kai shi gona, sai dai saƙon ya biyo ta bakin Goggo ko ɗanta. Goggo ta rantse ba za ta ɗauki saƙon da zai kai ƙanenta daji ba, ta kuma ja wa ɗanta kunne. Ni kuwa na lura da wani abu: muddin saƙo bai iso ni ba, ban ƙi maganar uba ba. Da an sallame asuba sai in tura mashin in fice. Tsoro nake ji, ba na ɓoyewa, kuma haushinsa nake ji da bai ji irin tsoron da nake ji ba.

In rana ta take, fasinja suka yi ƙasa, shagon ɗan Goggo nake fakewa. Taubashina ne, abokin wasa, bakinsa ba ya shiru. Gyaran waya yake yi kusa da tasha, kuma a bayan shagon ya ajiye tsofaffin kwamfutoci biyu da ya haɗa su da igiyar waya, samari suna buga gem ɗin harbi a kansu. A wannan gem ba ka ganin mutuminka. Da idonsa kake gani, hannuwansa da bakin bindigarsa kawai ke gabanka, kana bin lunguna kana neman abokin karawarka kafin ya same ka. Da farko na ce mutumin da bindiga ta kora daga gida me zai yi da wannan shirme? Ban yi mako ba sai da aka riƙa tashina daga kujerar.

Akwai wata taga a cikin gem ɗin, a bangon wani tsohon sito, wadda ta hana ni sakat. Duk wanda ya shige ta yana ganin fili duka, shi ba a ganinsa. Tsalle kawai ba ya kai mutum, ƙafa ce ke bugun bakin tagar ya faɗo. Dabarar ita ce ka rugo da gudu, ka danna dogon maɓallin tsalle da babban yatsa, sai kana sama ka danna na durƙuso da ƙaramin yatsa. Mutumin zai naɗe ƙafafunsa a iska, su wuce bakin tagar, ya dira a ciki. Tsalle tukuna, durƙuso daga baya, tsakaninsu bai kai ƙiftawar ido ba. Taubashina yana yi yana cin gyaɗa da ɗaya hannun in ya ga dama.

Ni kuwa kullum baibai nake yi. In babu kowa a filin, nakan kusa. Amma da na rugo na ji ƙarar harbi, ƙaramin yatsana ya riga ya danna durƙuso tun ƙafa tana ƙasa. Mutumina sai ya tsuguna a gindin bango, ya yi wani ɗan tsalle irin na kwaɗo, a zo a ɗauke shi a ruwan sanyi. Ba ni kaɗai ba ne. Duk samarin da suka taho daga ƙauyukan wajenmu haka suke yi, 'yan cikin gari kuwa ko a jikinsu. Mu an koya mana in ka ji harbi ka fara kai jikinka ƙasa, tunani ya biyo baya, kuma yatsa ba ya bambance bindigar gem da ta gaske.

"Kai baƙauye," in ji taubashina, "gaisuwa ka zo yi wa bangon? Tashi sama tukuna!"

In zage shi, ya rama, in sake. Na buga tebur, na canza yatsa, na cire takalmi na naɗe ƙafa a kan kujera ko zai taimaka. A kan mashin ma, ina jiran fasinja, yatsuna suna ta gwadawa a kan tanki. Na san sarai ba tagar ce ke damuna ba, amma ita ce abin da zan iya zama in yi fama da shi ba tare da na dubi kowa ba.

Ranar da aka wayi gari da labarin an yi ruwan shuka a wajenmu, ko kabu-kabun ban fita ba, kai tsaye shago na wuce. Da hantsi ina cikin fama da tagar sai na ji taubashina ya yi shiru, abin da ba ya yi. Na waiga. Baba ne tsaye a ƙofar, da sandarsa, bai taɓa tako wurin nan ba. Na zame daga kujera na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana duban bango. Ya ce wa taubashina a ci gaba da abin da ake yi. Ban san yadda zan yi ba, sai na koma na zauna.

Na rugo, aka yi harbi, mutumina ya tsuguna. Na sake, ya sake. Baba ya matso har ina jin numfashinsa a bayana.

"Wanga mutum," ya ce wa taubashina, "ɗan wajenmu ne ko? Da ya ji ƙara sai shi yi ƙasa."

Taubashina ya yi dariya, ya yi masa bayanin tsalle da naɗe ƙafa, har da gwadawa da jikinsa.

"To mi ke cikin tagar?"

"Ba komai, Kawu. Maɓoya ce. In ka shiga ba mai samunka."

"In ya shiga, sai mi?"

"Sai ya zauna."

Baba ya gyara riƙon sandarsa. Ya juya ga taubashina ya buɗe baki, na san saƙon zai ba shi, taubashina kuma ya sunkuyar da kai yana tonon wata waya kamar bai gani ba. Sai Baba ya ce, "Kai."

Na ɗauka da wani yake. Ashe da ni yake.

"An yi ruwa gida. Ba cewa na yi ka kwana ba. Ka sauke ni bakin hanya ka juyo."

Tun ina yaro nake son in ji ya yi mini magana ni da kaina. Na sha ƙiyasta abin da zai fara cewa, ban taɓa kawo wannan ba. Raina ya ɓaci, kuma a lokaci guda wani daɗi ya kama ni har na ji kunya. Na ce, "To, Baba."

Goggo ta yi faɗa har muryarta ta dishe, Inna ta shige ɗaki. Washegari da safe na ɗaure sungumi a gefen mashin, Baba ya hau baya da irinsa a cinya. Muka bi ta Faskari, muka bar kwalta. Hanyar ba kowa, gonaki a kwance ba a taɓa su ba, ƙasa ta jiƙe tana ƙamshi. Duk kurmin da muka wuce sai na waiga, ina ƙara wuta ina ragewa, ban san wanne ya fi ba.

A inda 'yar hanyar gonarmu ta rabu da babba ya taɓa kafaɗata na tsaya. Ya sauka, ya kwance sungumin ya saɓa, ya rungumi irin da ɗaya hannun. Shuka aikin mutum biyu ce, ɗaya yana sara a gaba, ɗaya yana bi yana zuba iri yana rufewa da diddige. Na dube shi da kaya biyu a hannu, tsoho, shi kaɗai, ga daji a bayansa.

"Juya," ya ce.

"Baba, wa zai bi ka da iri?"

Ya ɗago ya dubi fuskata, ya daɗe yana kallo kamar yana neman wanda na yi kama da shi. Sannan ya miƙo mini irin.

"To kashe mashin ɗin," ya ce. "Tura shi za mu yi, kar a ji ƙara."