Baba Saaka da Kwalaben Iri

Kullum da safe, tun hazo bai tashi daga bakin kogi ba, Baba Saaka zai sauko daga kekensa, rediyo a aljihu, ya buɗe ƙofar lambunan da council ke ba mutane haya a kudancin Manchester. Shi ke kula da su. Yana da wani hali da ake tsokanarsa a kai: duk kaka sai ya bi fuloti-fuloti yana roƙon ɗan iri, ya cuɗa da toka, ya ɗura a kwalba, yadda ake yi a garinsu Bawku. Har suna aka laƙaba masa, wai Baba Sam-mini.

Ubaida, wadda ta gaji fulotin mahaifiyarta, ta fi kowa jansa. "Haba Baba, ana sayar da seeds a shago fa!"

Yakan ce, "Na shago bai san kowa ba, 'yata."

Sai ga guguwar hunturun bara. Iska ta kwashe rufin rumfuna, kogi ya tumbatsa, gangaren bayan lambu ya zame ya binne rabin wurin da laka. Fulotin Ubaida na ciki, da rumfar da take ajiye irin alayyafonta. Ba alayyafo ba ne kawai. Mahaifiyarta, marigayiya Nusrat, ce ta ƙullo irin a bakin zane daga gida, kuma duk ranar da Ubaida ta yi miyarsa, ƙamshin uwarta ne ke cika flat ɗin. Da ta ga lakar, kuka ta yi kamar ranar jana'iza.

Maƙwabta sun gan ka, Baba. Kai ne ka kutsa cikin lambun, ruwa har ƙugu, ka fito da buhun kwalabe a ka. Keken ya tafi, rediyon ma ya bi shi, ko waiwaye ba ka yi ba.

Da ƙasa ta sha iska, Baba Saaka ya sami Ubaida tsaye a bakin fulotin. Ya miƙa mata kwalba ɗaure da ƙyallen atamfa. Nan take ta gane zanen.

"Mamanki ce ta ɗaura da hannunta," in ji shi. "Har faɗa ta yi mini, wai na cika toka."

Sanyin ruwan nan bai bar ƙirjinsa ba. GP, wato likitansa, ya ce aikin ya isa haka, yanzu Baba yana wajen 'yarsa a unguwar Sparkbrook, inda ko tukunyar shuka ba wurin ajewa. Wallahi ana kewarka, Baba. Allah Ya saka da alheri, Ya ba ka lafiya. Mai ɗan abu a hannu kuma, ya koyi ajewa saboda wani.

Alayyafon ya fito. Kakar bana an ga Ubaida tana bin fulotai da kwalba da ƙullin toka, tana cewa, "A sam mini."