Likitan Jamus a Falonmu

Gidaɗo bai taɓa yi wa ko kaza allura ba, amma shekara goma sha ɗaya Jamusawa suna kiransa likita. Ni kuwa da na ƙarar da ƙuruciyata a kan littattafan likitanci, na yi furfura a asibiti, uwar da ta haife ni ba ta taɓa kirana da wannan suna ba. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya ɗauka da zuciya ɗaya nake ba da labarin mutumin nan. Ina kishinsa, kuma na daɗe ina yi.

Tare muka yi sakandaren kwana a Zariya, benci ɗaya. Shi ɗan Gombe ne, dogo siriri, bakinsa ba ya hutawa. A darasin kimiyya amsata yake kwafa har da kurakuraina. Ranar da aka kawo mana kwaɗo mu feɗe, sai da aka fitar da shi waje ana yi masa fifita. Amma idan ya tashi kwaikwayon tafiyar shugaban makaranta, har masu dafa mana abinci sai sun bar tukunya sun leƙo.

A 1992 ya samu tallafin karatu zuwa Jamus, wai zai zama injiniyan ruwa. Shekara biyu lissafi ya yi masa dukan kawo wuƙa, ya bar karatun. Ya samu aikin wanke kwanuka a kantin abincin wani kamfani da ke shirya wasan talabijin a birnin Kolon, irin wasan nan mai dogon zango da ake nunawa kullum da yamma, labarin wani asibiti a bakin kogi. Wata rana suka rasa mai tura gadon marar lafiya, aka tsamo shi daga kicin aka sa masa riga. Ba a ba shi ko kalma ɗaya ba. Ana cikin ɗauka sai tabarau ɗin tsohuwar da ke kwance a gadon ya faɗi. Gidaɗo ya ɗauka, ya durƙusa a gefen gadon, ya miƙa mata da hannu biyu.

Abin da ya yi ke nan. Mai shirya wasan ya daka tsawa, daga baya ya sake kallon hoton ya ce a bar shi haka. Masu kallo suka yi ta aiko wasiƙu suna tambayar wane ne baƙin mutumin nan mai ladabi. Kafin shekara ta zagayo an sa masa farar riga, an raɗa masa suna Dokta Nuru, likitan da ba ya yi wa tsoho magana a tsaye. Jaridunsu suka ce basira ce. Basirar me? Duk yaron da aka haifa a Gombe ya san wannan kafin ya san ɗaura wando, kuma wannan ne abin da ya fi ƙona mini rai.

Haka ya kwashe shekara goma sha ɗaya. Mata sukan tare shi a kanti su nuna masa ƙuraje. Ya auri Clara, mai kula da tufafin 'yan wasa, daga baya suka rabu lafiya lau. Sai aka kawo sababbin marubuta, suka nutsar da Dokta Nuru a kogi wajen ceton karen wani. Mutane suka tara furanni a ƙofar kamfanin, amma babu wanda ya ba Gidaɗo wani aiki sai na fitowa a mai sayar da ƙwaya, shi kuwa ya ce bai iya ba. A 2011 ya tattara ya koma Birmingham ta Ingila, ya kama ɗaki a unguwar Balsall Heath a saman wani shagon yadi. Ya fara koya wa tsofaffi wasan kwaikwayo a wata cibiyar unguwa. Shekara biyu aka rufe cibiyar, lokacin da gwamnati ke ta datse duk abin da hannunta ya kai.

Ni a lokacin ina Manchester, likitan unguwa a Rusholme, irin wanda suke kira GP. An rage mana ma'aikata, marasa lafiya sun ƙaru, kowa minti goma. Idona a kan kwamfuta, kunnena a kan mutum, haka nake wuni. A 2014 aka gayyace ni Birmingham in sa ido a jarrabawar ɗaliban likitanci, inda ake ɗauko 'yan wasa su yi kamar ba su da lafiya. Na shiga ɗaki na huɗu, sai ga wani dogo a kwance yana riƙe da ciki yana nishi. Ɗalibar da ke duba shi na fita ya miƙe zaune.

"Musbahu? Kai ne ka tsufa haka?"

Gidaɗo ne. Likitan Jamus ya koma marar lafiyan haya. Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na gayyace shi gidana a unguwar Fallowfield ta Manchester, ba don zumunci kaɗai ba, har da son ya ga inda karatu yake kai mutum. Da hannuna na jawo wa kaina.

Inna, mahaifiyata, tana wurinmu tun rasuwar Baba. Ni ne ɗanta na fari, kuma ita irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallon idona, ba ta yabona ko da wasa. Idan za ta yi zancena sai ta ce "wancan". Ranar da na kawo mata takardar zama likita, tashi ta yi ta shiga kicin, wai tuwo zai kama. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce. Amma sanin bai taɓa rage mini zafin abin ba.

Gidaɗo ya shigo falonmu, tun daga bakin ƙofa ya zube ƙasa. Ya gaishe ta, ya tambayi ƙafa, ya tambayi sanyin ƙasar, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su. Ya zo da faya-fayan wasansa, matata Zinatu ta saka. Inna ba ta jin ko kalma ɗaya ta Jamusanci, amma ta zauna ta kalli Dokta Nuru yana durƙusa wa tsofaffin Turawa har la'asar ta kusa wucewa.

"Sannu Likita," in ji ta. "Allah ya yi albarka, Likita."

Ina zaune a wurin. Shekara ashirin da biyu ina aikin, ban taɓa jin kalmar daga bakinta ba, ga ta ta faɗe ta sau biyu a numfashi ɗaya ga mutumin da kwaɗo ya sumar.

Daga nan ya mayar da gidana wurin zuwa, Asabar bayan Asabar yana hawo bas daga Birmingham. Inna ta dama masa fura da hannunta. Ta gaya masa ciwon gwiwarta, wanda ni sai a bakin Zinatu nake ji. Ta yi dariya har da tafa hannu. Ni kuwa in ƙule a ɗaki da takardun aiki ina jin "Likita, Likita" ta cikin bango, ina cika ina batsewa.

A 2015 Zinatu ta lura Inna tana ramewa. Aka yi gwaje-gwaje, aka gano ƙari a hanjinta. An gano shi da wuri, idan aka yi aiki akwai kyakkyawan zato. Muka jira layi har aka ba mu rana, wata Alhamis, da sharaɗin mu tabbatar kafin Litinin, in ba haka ba a ba wani gurbin. Sai Inna ta ce ba za a yanka ta a ƙasar mutane ba. Na tsaya a ƙofar ɗakinta na yi bayani dalla-dalla, irin wanda nake yi wa marasa lafiya kullum. Ta juya fuskarta bango ta ce da Zinatu, "Ki ce wa wancan ya bar zancen nan." Zancen hanjinta da ɗan fari, ai ba mai yiwuwa ba ne. Na san abin da ƙarin zai zama nan da wata shida idan aka bar shi, kuma duk gidan ni kaɗai na sani.

"Baban Batulu," in ji Zinatu, "ka kira Gidaɗo. In muka rasa appointment ɗin nan sai mun koma ƙarshen waiting list."

Kwana biyu ina ƙi. Ranar Juma'a bayan masallaci na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Na same shi a ɗakinsa yana haddace alamomin ciwon ƙoda na jarrabawar mako mai zuwa. Na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ba zan ce mata ni likita ne ba," in ji shi. "Ban taɓa ce mata ba."

"Ba sai ka ce ba. Kai take saurara."

"To rubuta mini script. Ni ban san komai a hanji ba, ka fi kowa sani."

Na zauna na cika shafi uku. Ya karanta, ya ɗauki biro ya soke fiye da rabi.

"Wannan leaflet ne na GP, takardar rabawa a asibiti, Malam. Kai me kake tsoro?"

"Kada ta mutu."

"To rubuta wannan."

Na rubuta. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji nasa a lokacin ba, don ya yi gaskiya.

Washegari da hantsi ya zo. Ya durƙusa a gaban kujerar Inna, takardar tana leƙowa daga aljihun rigarsa. Ni ina tsaye a baranda da tiren shayi, ba ta ganina amma ta san ina nan. Ya yi mata bayanin aikin a hankali, da kalmomina, cikin muryar da ba ni da ita. Daga ƙarshe ya ce, "Inna, in kika ƙi, akwai wanda zai rasa uwa yana ji yana gani, da iliminsa a hannu, bai amfane shi da komai ba."

Inna ta dubi aljihun rigarsa. Sannan ta ce, "Gidaɗo." Ban taɓa jin ta kira shi da sunansa ba. "Miƙo mini takardar nan ta aljihunka."

Ya miƙa da hannu biyu. Inna ba ta yi boko ba, amma ta buɗe takardar ta ƙura mata ido, ta shafa ta da yatsa.

"Rubutun nan na san shi. Tun daga Zariya yake zuwa mini a wasiƙa, ana karanta mini, wasiƙun suna nan a akwatina. Kai kuwa ɗan wasa ne, tun ranar farko na sani. Likitan gaske ina ya ga lokacin zaman shan fura?"

"To Inna, me ya sa kike ce mini Likita?"

"Shekara nawa ina son in faɗi kalmar nan a cikin gidan nan, ba ni da fuskar da zan kalla in faɗa. Sai Allah ya kawo ka." Ta ninke takardar ta sa a ƙarƙashin mayafinta. "Ka gaya wa wancan na yarda, a yi aikin. Ka kuma gaya masa ba a yi wa babba magana a tsaye."

Na ajiye tiren a ƙasa. Na ƙarasa bakin ƙofa na durƙusa, gwiwoyina suka yi ƙas, don na manta rabon da in yi. Ba ta juyo ba. Ta kalli Gidaɗo sosai cikin ido, ta ɗaga murya yadda ko na kicin zai ji.

"Sannu Likita. Allah ya yi maka albarka."

 Gidaɗo ya sunkuyar da kai ya bar mini wurin amsawa, ni kuma na kasa, sai hawaye.

An yi aikin ranar Alhamis, Inna ta tashi lafiya, tana nan da ranta. Gidaɗo yana nan a Balsall Heath yana yi wa ɗalibai ciwon ƙarya, kuma har yanzu yana zuwa ranar Asabar. Idan ya zo nakan ajiye takarduna in zauna a ƙasa kusa da ƙofa, in jira ta faɗi kalmar. Na san tawa ce. Amma fuskarsa take kallo idan za ta faɗa, kuma wannan har gobe ban yafe masa ba.