Layin Aduwa a Gonar Babanmu

Ban taɓa ganin giwa da idona ba, kuma a Kagara babu mai rai da ya gani. Abin da giwayen suka bar mana shi ne layin itatuwan aduwa da ya bi gefen gonar babanmu ya gangara rafi. Babanmu ya ce kakansa ya riski lokacin da giwaye ke bi ta nan da rani, tsohuwar uwa a gaba, sauran na biye da ita zuwa ruwa. Sukan ci 'ya'yan aduwa, ƙwallon ya fito cikin kashinsu a hanya, damina ta tsirar da shi. Shi ya sa itatuwan suka jeru kamar an ja igiya.

Da babanmu ya rasu aka zo rabon gado, yayana ya riga ya gama shiri: zai sare aduwar, ya kawo injin ban ruwa, ya zuba albasa har bakin rafi. Ni an ware mini yanki mai kyau a fadama, kowa na jiran in karɓa in yi godiya. Sai na ce wa kawunmu, wanda ke jagorantar rabon, a ba ni gefen aduwar.

"Ke ɗiyata, mi za ki yi da ƙaya?" in ji kawu. "Wurin ga ko wake bai yi, inuwa ta canye shi."

"Kawu, shi nika so."

Yayana ya kwashe da dariya. "Giwayen da kika jira, bisa babur za su taho ko bisa jaki?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ba jiransu nikai ba. Dajinsu munka canye, munka kore su. Yanzu sawunsu ma sai mun share? Ba da hannuna ba."

Sau uku kawu ya tambaye ni a gaban shaidu, don kada gobe a ce an cuci mace. Sau uku na ce na yarda.

Gaskiyar kawu ce, waken bai yi ba. Duk shekara albasar yayana na cika mota zuwa kasuwar Goronyo, ni kuwa ɗan geron da nake samu bai kai mu damina. Maigidana har yau in muka saɓa sai ya tayar da zancen. Itatuwa huɗu da suka faɗa a rabon yayana, na kusa da rafi, ko mako ba a yi da rabon ba ya sare su. Ina tsaye ina jin gatarin, na yi kuka ban ɓoye ba.

Bara yayana ya zo har gida, wai tausayina ya ji. Zai mayar mini da yankin fadamar, in sakar masa sauran aduwar.

Na kawo masa ruwa ya sha, na ce ya gai da mutanen gida.